Kan sarki masu hoton ginin zamanin Renesans, ya ake tantance su?

MaiTarawa: Salam jama'a. Ina tara kan sarki na Turai, yanzu so nake in ware masu hoton ginin zamanin Renesans (lokacin da Turawa suka farfaɗo da salon Rumawan da) daban, to amma hoton ƙarami ne sosai, duk coci-cocin sai su yi min kama da juna. Don Allah me zan riƙa dubawa?

Magini: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka samu madubin ƙara girma ka duba saman tagogi da ƙofofi. In ka ga sun yi tsini sama, ga hasumiyoyi sirara, wannan salon Gotik ne, ya girmi Renesans. Na Renesans saman tagar a zagaye yake, ga ginshiƙai irin na Rumawan da, dama da hagu daidai wa daida, sannan sau da yawa akwai ƙubba. Ka fara da ƙubbar babban cocin birnin Fulorans na Italiya wadda Brunelleschi ya gina daga 1420 zuwa 1436, ƙubba biyu ce ɗaya cikin ɗaya, kuma bai kafa katakon tallafi tun daga ƙasa ba, jera bulon ya yi ta yadda kowane layi ke riƙe kansa har aka rufe sama, wallahi har yau abin na ba ni mamaki.

YarGidanWaya: Malam Magini ya yi bayani, amma fa na Faransa za su rikita ka. Fadar Chambord da Sarki François na 1 ya fara a 1519 ta fito a kan sarkin Faransa na 1952, in ka kalli rufinta cike yake da hasumiyoyi sai ka rantse Gotik ce, alhali Renesans ce irin tasu. Ni dai tsofaffin nan da aka sassaƙa zanensu da hannu a jikin ƙarfe sun fi min na yanzu masu hoton kyamara nesa ba kusa ba, in ka sa madubi za ka ga kowace taga layi-layi, har tawadar ta ɗan taso a kan takardar.

Magini: Gaskiya ne Hajiya. Ya nemi na Batikan ma, tun 1929 suke buga nasu, kuma ƙubbar cocin Waliyyi Bitrus na yawan fitowa. Michelangelo ne ya tsara ta amma sai 1590 aka kammala, bayan rasuwarsa.

MaiTarawa: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ina da wani na Italiya na 1949 an rubuta Palladio a jiki, shi ma ya shiga?

YarGidanWaya: Sosai ma, Palladio mai tsara gine-gine ne na zamanin Renesans, hoton kuma na gininsa ne da ke birnin Vicenza. Amma don Allah kar ka riƙa ɗaukarsa da yatsa, ka sa hantsaki, kuma kar ka shafa masa gam.