Abin da muka tattara kan iskar ɗaki

Jiya bayan isha'i muna zaune da matan gidanmu a nan Makka hira ta biyo ta kan tarin da yara ke yi da ya ƙi ƙarewa, nace bari in rubuta abin da aka faɗa kar ya wuce.

Kowa dai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki (AC), ya fara kama wa laifi. Muna kunna shi dare da rana taga a rufe, iskar nan ɗaya ita muke ta shaƙa. Aka ce a ciro ragar a wanke duk sati 2, ni da na ciro tawa wallahi ƙurar ta yi kauri kamar bargo, kunya ta kama ni.

Inda aka daɗe shi ne turaren wuta, don nan ne gardama ta tashi. Wata Hajiya tace ita tun tana yarinya take bakhur ba abin da ya same ta, to amma garwashin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba wari ba launi, sai dai ciwon kai da jiri, kuma tana kisa. A ƙarshe aka tsaya kan a turara taga a buɗe, jariri da mai asma su fita tukuna, kasko kuma kar ya kwana a ɗaki.

Wajen wanke bayi kuwa kar a haɗa Clorox (bilic) da Flash (ruwan wanke bayi), hayaƙin yana ƙona ƙirji. Ranar ƙura a rufe tagogi, in ta lafa a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.