'Yata tana son bin sawun kakanta a farauta: in bar ta ko in hana?

'Yar Maharbi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Ningi ta jihar Bauchi, kuma tun ina da shekara 8 nake bin mahaifina daji, domin ni ce 'yar fari, a lokacin kuwa Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Da farko riƙon gorar ruwa da igiyar karnuka ne aikina. Daga baya ya koya mini bambanta sawun gada da na barewa, da yadda ake tunkarar dabba ta inda iska ba za ta kai mata warin mutum ba. Har yau idan na rufe ido ina ganinsa ya ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, ni kuma ina laɓe a bayan geza ina danne dariya, har ya isa kusa da garken zabbi ba su ankara ba.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni kuma aure ya kawo ni birni, amma duk rani bayan an kwashe amfanin gona nakan je gida mu fita da ƙanena da karnukansa, da izinin maigidana. Yanzu 'yata mai shekara 12 ta dage sai ta bi mu. Yayar maigidana ta ce duk yarinyar da ta saba da daji babu mai neman aurenta, shi kuwa maigidan ya ce in yi shawara. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Tsohon Mafarauci ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Maganar cewa mace ba ta farauta magana ce ta waɗanda ba su taɓa kwana a gidan maharba ba. A jihar Adamawa ga Aisha Bakari Gombi, wadda ake kira Sarauniyar Mafarauta: a gidansu ta tashi ta tarar da sana'ar, tana yarinya take bin manyanta daji, kuma da 'yan Boko Haram suka addabi yankinsu ta shiga sahun mafarautan da suka tunkare su. Ba ina cewa wannan hanya za ki ɗora 'yarki a kai ba, ina nufin dai gado ba ya tambayar namiji ne ko mace.

Abin da zan roƙe ki shi ne ki bi da ita yadda mahaifinki ya bi da ke. Kada ta taɓa bindiga, ko da harba-ka-ruga ce, sai ta yi rani uku ko huɗu tana karanta ƙasa: ta san sawun jiya da na safiyar yau, ta san ramin da gafiya ke ciki da wanda maciji ya gaje, ta san kukan fakara idan ta firgita. Kada kuma ki kai ta farautar gayya, wadda ake kaɗa gangi a taru daga garuruwa da gora da barandami. A nan ne ake rigima a kan zomo guda har jini ya zuba, kuma ni kaina ina ɗauke da tabo a kafaɗa tun ina saurayi saboda irin wannan.

Malamin Zaure ya amsa:

Malama, ta fuskar shari'a asalin farauta halal ce, kuma aya ta 4 a suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabba ta kamo idan an ambaci sunan Allah, ba tare da an keɓe hukuncin ga maza ba. Sai dai a Risala an bayyana cewa farauta domin wasa kawai makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal ce. Saboda haka ki koya wa yarinyar yin bisimilla kafin a saki kare, da yanka abin da aka riska da rai, da barin abin da ba za a ci ba. Tun da kawunta ne zai riƙa fita da ku, kuma mahaifinta ya sani, ban ga abin zargi ba, matuƙar an kiyaye sutura da lokutan salla.

Maman Ɗalibai ta amsa:

Yaya, ki yi haƙuri, ni ra'ayina ya saɓa da na malaman nan biyu. Batun aure bai dame ni ba, domin ke ma da kika bi daji ga ki a ɗakinki. Abin da ya dame ni shi ne dajin da Baba ya sani ba shi ne na yau ba. Dazuzzuka da dama a Arewa, kamar Kamuku a Birnin Gwari, sun zama maɓoyar 'yan bindiga, wanda kuma aka gan shi da makami ba a tsayawa jin bayaninsa. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna kan hanyarsu ta komawa Kano domin yin salla. Ga kuma doka: Yankari da sauran gandun daji an hana farauta a cikinsu, bindigar gargajiya ma sai da lasisi. Idan har za ta je, to, iyakarta gonakin bayan gari, da rana tsaka, a dawo kafin la'asar.

'Yar Maharbi ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigidana amsoshin a daren jiya, kuma mun tsaya a kan cewa za ta bi mu wannan rani, amma ba za mu wuce fadamar da ke gabas da ƙauyenmu ba, kuma ƙanena zai bar bindigarsa a gida. Da safe na ciro tsohuwar gorar ruwan Baba daga ƙarƙashin gado na ba ta ta wanke, sai ta tambaye ni ko ita ce za ta riƙe igiyar karnuka. Na ce mata wannan sai ta tambayi kawunta.