Sayen anime kashi-kashi: ciniki ne ko haya?

Sadiq: Salam jama'a. Maganar da muka fara jiya da daddare ban gama ba kuma har yanzu ina kan bakana. Ni a wajena babu hanyar da ta fi adalci kamar a sayar maka da anime, wato katun ɗin Japan, kashi ɗaya-ɗaya, ka biya ka sauke a wayarka ya zama naka. Kuɗin wata-wata ɗin nan na manhajojin kallo bai dace da irinmu ba wlh, ka biya yau gobe babu wuta, jibi babu sabis, gata data ta ƙare, wata ya mutu ko kashi uku ba ka kalla ba kuma kuɗinka sun tafi. Amma wanda ka sauke yana nan ko a ƙauye kake. In aka yi haka da gaske rabin masu sata za su daina.

Hafsat: Wa alaikumus salam. Yaya Sadiq kalma ɗaya ce ta hana ni yarda, wai "ya zama naka". Ba ya zama naka fa. Ranar 2 ga Afrilu 2024 aka rufe Funimation aka haɗe shi da Crunchyroll, duk su biyun dandalin kallon anime ne na Sony, kuma aka faɗa wa mutane ƙarara cewa kwafin intanet ɗin da suka samu ta hanyar sayen faifai ba zai bi su can ba. Mutum ya tara shekara da shekaru, rana ɗaya babu.

Sadiq: Ƙanwata wannan ai hujjata ce kika kawo. Waɗancan kwafin a sabar kamfani suke, kallo kake ta intanet, ba a wayarka suke ba. Ni wanda ya sauka cikin memori nake nufi.

Hafsat: Toh a ina ake sayar da irin wanda kake nufi? Wanda kake saya a Apple ko Amazon yana sauka, eh, amma da kwaɗo a jikinsa, ba ya buɗuwa sai cikin manhajarsu da akawun ɗinka. Ba ka iya zuba shi a filash ka sa a talabijin ɗin falo, ba ka iya ba ƙaninka, ba ka iya sayarwa in ka gaji da shi, in ka mutu ma ba ya shiga gado. Wane irin mallaka kenan? Su kansu a Amurka abin ya dame su, jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ta fara aiki 1 ga Janairu 2025, cewa shago ba zai rubuta maka "saya" ba sai ya bayyana maka cewa lasin kallo kawai yake ba ka. Kuma shagunan ma rufewa suke, Steam, shagon wasannin kwamfuta, ya taɓa sayar da anime ya janye sashen bidiyonsa a 2019, Microsoft ya daina sayar da fina-finai a Yulin 2025.

Abba: Ku bar maganar kwaɗo tukuna mu yi lissafi. Tun 2005 da iTunes ya fara sayar da shirin talabijin kashi ɗaya dala 1.99 ne, mai tas ɗin 2.99. Ka sa dala a 1,500, kashi ɗaya na minti 24 ya kama dubu uku kenan. Zango ɗaya kashi 12, dubu 36. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne. One Piece tun 1999 ake yinsa ya haura kashi 1,100, in za ka saye shi a haka ka wuce miliyan uku. Sadiq dan Allah wane ɗalibi ne zai yi wannan? Ga kuɗin data a kai, wanda aka amince a ƙara kashi hamsin cikin ɗari a Janairun 2025.

Sadiq: Ban ce a sayar mana a farashin Amurka ba mutumina. A yi mana namu farashin, ɗari biyu, ɗari uku.

Nura mai turi: Ku yi haƙuri in sa baki tunda sana'ata ce ake taɓawa. Shekarata tara ina turi. Abin da Sadiq yake faɗa ai shi muke yi kullum, yaro ya zo da waya ko memori ya ce a zuba masa kashi kaza zuwa kaza, ya biya ya tafi, ni hamsin nake karɓa ɗaya, in zango ne gaba ɗaya mu daidaita. Duk wanda ya ce Bahaushe ba ya biyan kuɗin kallo bai taɓa zama a shago irin nawa da yamma ba. Suna biya wallahi, har layi ake. Abin da ke damuna, kuma na daɗe yana damuna, ko kwabo ɗaya daga kuɗin nan ba ya zuwa wajen waɗanda suka zana. Fim ɗin Hausa akwai furodusoshin da muke biya kafin su ba mu, na san inda zan same su, na san lambarsu. Na Japan wa zan kai wa? Babu wanda ya taɓa zuwa ya ce ga lasin ka saya.

Sadiq: Yauwa Malam Nura, Allah ya saka da alheri. Kun gani ko? Kasuwar tana nan, mai kayan ne bai zo ba.

Ummi: Malam Nura na ji daɗin yadda ka faɗi gaskiya. Ni batun haƙƙin ne ma ya fi tsaya min a rai, don mutane suna ɗauka tunda ba a ɗauke wani abu daga aljihun kowa ba shikenan ba komai. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, ba a keta shi. To amma ta ɗaya ɓangaren ma akwai magana, a abin da aka koya mana a islamiyya in ka sayi abu ka mallake shi da amfaninsa, in amfani kawai aka ba ka wannan haya ce, kuma ita haya sai an san wa'adinta. Wanda ya karɓi kuɗinka da sunan sayarwa alhali zai iya rufe ƙofa ranar da ya ga dama, bai faɗa maka yaushe ba, shi ma bai fita ba a ganina. Ban ce fatawa nake bayarwa ba, abin da zuciyata ta kasa nutsuwa da shi nake faɗa.

Abba: Anti Ummi kuma ko mun biya ɗin, wa ya ce mai zanen zai gani? Wannan ne abin da yake min ciwo. A Japan yawanci ba sitidiyo ne ke da shirin ba, wani kwamiti ne na kamfanoni da suka haɗa jari, masu buga manga (littattafan labarin zane), gidan talabijin, masu faifai, masu kayan wasa, masu waƙa. Su ke da haƙƙin, su ke raba riba. Sitidiyo an biya shi kuɗin aiki an sallame shi sai in shi ma ya zuba jari. Ƙananan masu zane, waɗanda ke cike motsi tsakanin zane da zane, da yawansu a kan kowace takarda ake biyansu, wajen yen 200 ɗaya. Binciken ƙungiyarsu JAniCA na 2015 ya nuna matsakaicin abin da irinsu ke samu a shekara wajen yen miliyan 1.1 ne kawai, a gari mai tsada kamar Tokyo fa. Sannan a 2023 kasuwar anime gaba ɗaya ta haura yen tiriliyan 3.3 kuma sama da rabi daga ƙasashen waje ya shigo. Kuɗi suna shiga, ba sa gangarowa ne. Dala biyunka Apple zai cire nasa, mai lasin ya cire, kwamiti ya raba, me ya rage?

Sadiq: Na yarda da kai a nan ɗari bisa ɗari, amma wannan ba dalili ba ne na ƙin biya. In ka sata sifili ne ya isa gare su, in ka biya ko yaya wani abu ya shiga, kuma kwamitin da alƙaluman ciniki yake duba ko a yi zango na biyu ko a bari. Shirye-shirye nawa muka so aka tsaya a kashi 12 ba a ci gaba ba?

Ibrahim Maraɗi: Sannunku 'yan uwa. Ni tambayata guda ce, da mi za mu biya? Mu nan dalar Amurka biyu jikka guda ce ta sefa da 'yan kai, wannan ma a bar shi. Yaran da ka kallon abin ga ba su da katin banki, kuɗinsu cikin salula suke ko a hannu. Ni da kaina na so in sayi zango guda da halalina, na nemo kati wajen wani yayana, sunka ce babu shirin a ƙasarku. To ka hana mutum ƙofa sannan ka ce mi ya sa ya bi ta taga.

Hafsat: Haka muka sha a nan Malam Ibrahim, daga 2022 bankuna da yawa suka tsayar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai 2025 aka fara dawo da shi. Ni sau huɗu katina yana ƙi a lokacin, har na haƙura.

Sadiq: Duk abin da kuke lissafowa gyara yake buƙata, ba wai tsarin ne bai yi ba. Kuma an taɓa gwadawa fa. A Afrilun 2008 sitidiyon Gonzo ya saki sabbin shirye-shiryensa biyu a YouTube da Crunchyroll da BOST TV lokaci ɗaya da Japan, da fassara a ƙasa, kuma mai so ya biya ya sauke. Lokacin Crunchyroll ɗin ma bai gama wanke kansa ba, da kayan sata ya fara a 2006, sai Janairun 2009 ya share su ya koma na lasin zalla.

Abba: An gwada, sai me ya biyo baya? BOST babu shi yanzu, Gonzo an cire shi daga kasuwar hannun jari ta Tokyo a 2009. Wanda ya rayu shi ne Crunchyroll mai kuɗin wata, har Sony ya saye shi dala biliyan 1.175 a 2021. Kasuwa ta riga ta zaɓa.

Sadiq: Matsalar kuɗin Gonzo ta girmi wannan gwajin, kar ka ɗora masa. Kuma kasuwar da ta zaɓa kasuwar masu wuta awa 24 ce da intanet na gida mara iyaka. Mu ba a tambaye mu ba.

Ummi: Wannan maganar ta ƙarshe gaskiya ce Yaya Sadiq, ba a tambaye mu ba.

Hafsat: To naji. A ce an yi yadda kake so, ɗari biyu, babu kwaɗo, a biya ta tiransifa. Mutum ɗaya ya saya a hostel ɗinmu, kafin la'asar Xender ta raba wa ɗaki goma. Abin da ya kashe kasuwar faifai a Ƙofar Wambai kenan har 'yan Kannywood suka koma YouTube suna jiran kuɗin talla. Kamfanin Japan ya san haka shi ya sa yake sa kwaɗon. In ya sa, ba naka ba ne, in ya cire, ba zai sayar da na biyu ba. Ta ina za ka fita?

Nura mai turi: Hajiya Hafsat bari in amsa wannan don a gabana ake yi. Xender tana nan tun ba yau ba kuma shagona bai rufe ba. A shafukan satar anime an rufe KissAnime a 2020, an rufe Aniwave a 2024, wasu sun buɗe, yaran sun san hanyarsu sarai, duk da haka suna zuwa wajena. Saboda me? Kashi ɗaya mai kyau zai cinye maka data da ta fi hamsin ɗina, ga tallan banza da ke faɗowa a shafukan nan, ga fassarar da ba ta tafiya da magana, ga kashi na bakwai ya ɓata a tsakiya. Ni ina ba ka a jere, cikakke, cikin minti biyar. Sauƙi suke saya. Da wani zai sayo lasin ɗin yankin nan ya sa a yi masa fassarar Hausa mai kyau kamar yadda ake wa na Indiya, ya ba mu a kan ƙa'ida, kowane turi a cire masa nasa, wallahi da na fi kowa murna, in kwana da sanin cewa abin da nake ci da iyalina babu haƙƙin wani a ciki.

Hafsat: Wa zai ƙirga turin Malam? In ka tura ɗari ka ce talatin fa? Ba kai ba, wani.

Nura mai turi: Ba sai an ƙirga ba. Ya sayar wa shago zango ɗaya a kan kuɗi tsayayye, ni in san yadda zan mayar da kuɗina. Haka muke yi da wasu na Hausan.

Abba: Amma ka san lasin ɗin da dala za a biya shi ko? Shago nawa za su haɗu kafin a tara?

Nura mai turi: A layinmu kaɗai mu goma sha ɗaya ne. Ku da kuka iya turanci ku nemo mana nawa ake sayar da lasin ɗin zango ɗaya na tsohon shiri, ba sabo ba, ni kuma ranar Juma'a in mun zauna da 'yan uwa zan kai maganar in ji nawa kowa zai iya sawa.