Ƙagewar kafaɗa: sunan da na tsayar wa ciwon da likitoci ke kira "frozen shoulder"

1.
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na tambaye ku sunan da ya dace da ciwon da ya hana ni sakat a kafaɗar dama wata goma sha huɗu ke nan. Amsoshinku sun yi yawan da ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na tattaro su nan, in faɗi wanda na zaɓa da dalilina. Ni malamin Hausa ne a sakandare, shekarata 54, kuma ina fama da ciwon suga.

2.
Abin ya faro ne da ɗan zugi a saman dantse in na kwanta ta ɓarin dama. Kafin wata biyu barci ya gagare ni. In na miƙa hannu ba shiri, kamar in tare yaro zai faɗi, sai wani raɗaɗi ya soke ni har in durƙusa. Daga baya zugin ya lafa, amma hannun ya daina ɗaguwa. Rubutu a allo daga tsakiya nake farawa. Babbar riga sai an taya ni sawa. Shafar kai a alwala da hagu nake ƙarasawa, a kabbarar harama kuwa hannun dama iyakarsa ƙirji.

3.
Kowa a gida ya raɗa masa suna, kuma kowane suna da ƙofar da ya kai ni. Inna ta ce sanyi ne, aka hana ni fanka da ruwan randa. Abokin aikina ya ce amosani ne, na shiga kemis na sayi diclofenac na yi ta sha har cikina ya fara ƙuna. Maƙwabcina ya ce gocewa ce, ya raka ni wurin mai ɗori, aka murza, aka ɗaure hannun a ƙirji mako biyu. Ranar da aka kwance, ɗan motsin da nake da shi ma ya ragu. Ba na ganin laifin kowa a cikinsu, kowa ya yi maganin ciwon da ya ambata ne.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, ya fito fes. Likita ya manna gwiwar hannuna a haƙarƙarina, ya kama tsintsiyar hannun zai juya ta waje.

"Malam, saki hannun, ni zan juya."

"Likita, ai a sake yake."

Ya sake gwadawa, hannun ya tsaya cik. Ya ce wannan ita ce babbar alamar: mai ciwon bai iya juyawa ba, wanda ya kama masa ma bai iya ba. Ya rubuta Turanci a kati. Na ce, "Likita, da Hausa fa? Me zan je in faɗa wa Inna?" Ya ce su dai da Turancin suke faɗa wa kowa. A nan neman ya samo asali.

4.
Kafin suna, mu san abin da muke raɗa wa. Kan ƙashin dantse mulmulalle ne, yana zaune a wani gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa. Wani tantani mai kama da jaka ya lulluɓe gaɓar, kuma sako-sako Allah ya yi shi don hannu ya samu juyawa ta ko'ina. A wannan ciwo tantanin ne ke kumbura, ya yi kauri, ya tsuke, kamar ɗanyar fatar da aka bari a rana ba a miƙe ta ba. Ƙashi lafiyarsa lau, shi ya sa hoto ba ya nuna komai.

Yana kama mutum 2 zuwa 5 cikin 100, galibi tsakanin shekara 40 da 60, mata sun ɗan fi maza. A cikin masu ciwon suga adadin yakan kai 10 zuwa 20 cikin 100, kuma nasu ya fi taurin kai. Masu matsalar ƙwayar maƙoshi da ke kawo maƙoƙo su ma yana yawan kama su, haka wanda hannunsa ya daɗe ba motsi bayan karaya, tiyata ko shanyewar ɓarin jiki. Tafiyarsa zango uku ce: watannin zugi, watannin tauri, sai watannin saki, jimilla shekara 1 zuwa 3.

5.
Turawan ma sun sha canza masa suna. Likitan Faransa Simon Duplay ya bayyana shi a 1872, yana ganin kumburin abin da ke kewaye da gaɓar ne. Ernest Codman na Boston a Amurka shi ya kira shi "frozen shoulder", wato kafaɗar da ta daskare kamar ƙanƙara, a 1934. A 1945 Julius Neviaser ya duba tantanin da idonsa a wurin tiyata, ya kawo "adhesive capsulitis", wato kumburin tantani mai mannewa. Larabawa sun fassara na Codman kai tsaye, al-katif al-mutajammid. Jamusawa ba su bi ƙanƙara ba, taurin kafaɗa suke cewa. A Japan da ƙasar Sin kuma kafaɗar ɗan shekara hamsin ake ce masa. Kowace al'umma ta zaɓi abin da ya zauna a bakinta, mu ma muna da wannan 'yancin.

6.
Yanzu ga sunayen da kuka kawo. Na farko, daskararriyar kafaɗa, ko daskarewar kafaɗa. Wannan ta fi kowace samun magoya baya, kuma ita na fi ƙi. Me ke daskarewa a Hausa? Man shanu da hunturu, kitse a kwano, ruwa a firji. Duk sanyi ne ke daskarar da su, zafi kuma ya narkar da su nan take. Wanda aka ce wa kafaɗarsa ta daskare zai tafi gida da tabbacin cewa fanka ce ko wankan asuba, ya yi ta gashi da ruwan zafi yana jiran ta narke. Ɗumi yana sassauta ciwon kafin motsa jiki, ni ma ina yi, amma ba ya buɗe tantanin da ya tsuke. Kuma duk wanda ya kwana da wannan ciwo ya san wuta yake ji a ciki.

Sanyin kafaɗa ta fi ta haɗari. Kalmar sanyi ta riga ta ɗauki kaya ya yi mata yawa: sanyin ƙashi, sanyin mara, ciwon sanyi. Ka shiga kemis ka ce kana da sanyi, ba mamaki ka fito da maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali wannan ciwo babu ƙwayar cuta a cikinsa.

7.
Sauran zan bi su da sauri. Sagewa tana nuna hannu ya mutu ko ya rasa ƙarfi, mu kuwa ƙarfinmu yana nan, iyakar inda hannun ke kaiwa ce ta ragu. Sanƙarewa za ta tsorata uwa, don sanƙarau za ta tuna. Sandarewa ta gawa ce da mai farfaɗiya. Wani makanike ya kawo cijewa, kamar yadda noti ke cijewa, kuma wallahi hoton ya yi, sai dai noti da ya cije ƙarfi ake sa masa, kuma ba na son kalmar da za ta gayyaci mai ƙarfi ya fizge hannun wani.

Kafaɗar hamsin ta yi mini daɗi a kunne. Amma wata baiwar Allah ta rubuto cewa ita tana 41 ya kama ta, kuma ta wannan ciwon aka gano tana da suga. Da an ce mata na 'yan hamsin ne, da ta ce ba nata ba ne. Ɗan hamsin ɗin kuma zai ce girma ne ya zo, ya zauna a gida.

8.
Saura biyu: riƙewa da ƙagewa. A nan na daɗe.

Riƙewar kafaɗa ba ta da aibi a ma'ana. Muna cewa bayana ya riƙe, ƙuguna ya riƙe, kowa ya gane. Matsalarta sauƙin da ke cikinta. Riƙewa abin kwana biyu ne, wanda ya yi noma ko ya ɗauki buhu ya san shi, a shafa man zafi ya wuce. In muka ba ciwon shekara biyu wannan suna, ba mai bambanta shi da gajiyar jiya.

Ƙagewa ta fi nauyi. In aka ce wuya ya ƙage, an san ba ya juyuwa, an san akwai ciwo, an kuma san ba karaya ba ce, ba gocewa ba ce. Ba ta ɗora laifi a kan sanyi ko iska ko jifa, abin da ake gani kawai ta faɗa. Kuma tana da abokiyar tafiya a bakin Bahaushe, wato saki: abin da ya ƙage ana sa ran ya saki. Wannan shi ne ainihin halin ciwon.

Wani malami ɗan'uwana ya yi gyara mai kyau, ya ce a rubuce "ƙage" na iya rikicewa da ƙage na sharri. Allah ya saka da alheri, Malam. Amma karin sautinsu daban ne, kuma jimla tana raba gardama: ba mai karanta "kafaɗata ta ƙage" ya zaci an yi mata ƙazafi. "Ƙagewa" kuwa ba ta da wannan ruɗani ko kaɗan.

Na gwada ta a kan Inna. Na ce, "Inna, likita ya ce kafaɗar ce ta ƙage, tantanin cikin gaɓar ne ya tsuke." Ta ce, "To ai sai a riƙa motsa ta a hankali, ba ɗauri ba." Ba ta taɓa shiga aji ba, amma kalmar ta kai ta inda likita yake so.

9.
Ga abin da na tsayar. Sunan yau da kullum: ƙagewar kafaɗa. Na asibiti da littafi, madadin na Neviaser: tsukewar tantanin kafaɗa. Zangunan uku: zangon zugi, zangon ƙagewa, zangon saki.

10.
Sunayen zangunan nan suna da amfani wajen zaɓen magani, don abin da ya dace da wani zango yana cutarwa a wani. A zangon zugi, murza da ja da ƙarfi ƙara hura wuta ne. Abin da ake nema a lokacin shi ne barci da sauƙi. Paracetamol na taimakawa kaɗan. Ibuprofen da diclofenac sun fi shi aiki, amma doguwar mu'amala da su tana jawo gyambon ciki, tana taɓa ƙoda, kuma mai suga ko hawan jini ƙodarsa dama a kan siraɗi take. Allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi, a cikin gaɓar ita ta dawo mini da barci. Na so a ce na same ta da wuri, don a farkon ciwon ta fi amfani. Ta ɗaga mini suga na 'yan kwanaki, likita ya riga ya gargaɗe ni, na riƙa aunawa safe da yamma. Mai suga kada ya yarda a yi masa ita ba tare da an san sugansa ba.

A zangon ƙagewa aikin ya koma hannun masu gashin ƙashi, kuma rabinsa a gida ake yi. In sunkuya in saki hannun yana lilo. In tsaya gaban bango yatsu su yi ta hawa. In riƙe sanda da hannu biyu, na hagu ya tura na dama waje. In ja tawul ta bayana. Kullum, har inda ya ja amma bai soka ba. Ci gaban ba ya ganuwa a mako, sai a wata.

11.
Yanzu ina mararraba. Likitan ƙashi ya shimfiɗa mini hanya uku in gashin bai wadatar ba. Ta farko, a ɗura ruwan gishiri haɗe da magani cikin gaɓar don tantanin ya buɗe. Ta biyu, a sa ni barci, likita ya juya hannun har tantanin ya yage, tare da ɗan haɗarin karaya ko yagewar jijiya. Ta uku, tiyata ta ƙananan huda da kyamara, a yanke tantanin da ya tsuke.

Abin da ya tsayar mini da hankali shi ne wani gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna UK FROST, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2020. An raba marasa lafiya 503 daga asibitoci 35 gida uku: gashin ƙashi da allura, juyawa cikin barci, da tiyatar huda. Bayan shekara guda babu wadda ta yi wa sauran fintinƙau, kuma tiyatar ce ta fi kawo matsaloli masu tsanani. Ga wanda zai biya daga albashinsa, wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Kuma ko an yi tiyatar, gashin ƙashi yana nan yana jira.

Ba na cewa tiyata ba ta da wuri. Tela ko direba ko mai ɗaukar kaya da sana'arsa ta tsaya cak, shekara ta wuce ba alamar saki, lissafinsa daban ne da nawa. Ni na zaɓi in ƙara wata uku ina gashi, in kuma riƙe sugana da kyau. In hannun bai ƙara gaba ba, zan fara da ɗurin ruwan gishiri.

12.
Roƙo ɗaya: kada sabon sunan ya zama buhun da za a zuba kowane ciwon kafaɗa. Ciwon kafaɗar hagu da ya zo da nauyin ƙirji da gumi, asibiti ake nufa a lokacin, don yana iya zama zuciya. Kafaɗar da ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko wadda aka faɗi a kanta, su ma ba ƙagewa ba ce.

13.
'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da likitocinku ke rubuta "capsulite" da Faransanci a kati, ku gwada "ƙagewar kafaɗa" a kan iyayenku ku gaya mini ko ta zauna a kunnensu. Masu shirin lafiya a rediyo da malaman gashin ƙashi da ke cikinmu, ku ma ku gwada ta a bakin aiki, in kun ji ta yi tuntuɓe a wani wuri ku dawo nan mu gyara.

Na yi alama da alli a bangon ɗakina ranar da na fara hawan yatsu. Yau da safe yatsuna sun wuce alamar da bulo ɗaya da rabi.