Wai gidan yarin Angola na Amurka gona ce ko kurkuku?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya ƙanena ya turo min wani bidiyo: fursunoni a jere cikin gona suna noma, kusan duk baƙar fata, ga gandurobobi bisa dawakai da bindigogi suna zagaya su. Na zaci fim ne na zamanin bauta. Ya ce a'a, gidan yarin Angola ne a jihar Luwiziyana, kuma har gobe ana yi. To ba an ce sun soke bauta tun 1865 ba?

Malam Sabi'u:
Wa alaikumus salam. Sun soke, amma sun bar kafa. Gyara na 13 ga tsarin mulkinsu ya hana bauta da aikin tilas, sai dai in hukunci ne kan wanda kotu ta kama da laifi. Jihohin Kudu kuwa kamar jira suke. Suka mai da zaman banza laifi, a cafke wanda jiya aka 'yanta, a ɗora masa tarar da ba zai iya biya ba, sannan a ba da hayarsa ga masu haƙar kwal ko shimfiɗa layin dogo. Ubangida ko don kuɗinsa yakan so bawansa ya rayu. Na haya kuwa in ya mutu, sai a aiko da wani. Alabama ba ta daina ba sai 1928. Ita kanta Angolar gandun bayi ce da, yanzu kuma faɗinta eka 18,000 ne.

Hajiyar Bronx:
Malam, ka manta da dokar ƙwaya ta 1986. A lokacin, giram 5 na crack, wato hodar ibilis da aka dafa ta dunƙule, wadda ta cika unguwannin talakawa baƙaƙe, ɗaurin shekara 5 ne. Hodar ibilis ta masu hali kuwa sai ta kai giram 500. Ba a rage wannan gibin ba sai 2010. Ina da maƙwabciya, tsohuwa ce, duk wata sai ta hau bas cikin dare ta je ganin ɗanta a kurkuku, da ledar tsabar kuɗi na injin sayar da lemo, don shi kaɗai za ta iya saya masa a ɗakin ziyara.

Ɗan Kurna:
Subhanallah. Hajiya, ana dai biyansu ladan aikin ko?

Hajiyar Bronx:
Wane lada, ɗana? A Luwiziyana 'yan santi ne a awa. A Texas da Jojiya yawancin ayyukan ko sisi babu. Ka ƙi fita kuma, a hana ka ziyara ko a kulle ka kai kaɗai.