Shawarwarin malaman tuƙin jirgin sama mara inji a Ingila

Da malaman suka tattauna haɗurran da ɗalibai ke yi, hankalinsu ya fi karkata ga lokacin tashi, sa'ad da injin da ke ƙasa yake jan jirgin da igiya hancinsa na kallon sama. Idan igiyar ta tsinke, gudu yakan ragu cikin daƙiƙu kaɗan, iska ta daina ɗaukar fiffike, jirgin ya rikito. Shawararsu ita ce ɗalibi ya sunkuyar da hancin nan take, ya jira har allurar gudu ta nuna abin da ake buƙata, kafin ya juya ko ya buɗe birkin iska, wato allunan da ke fitowa daga fiffike don jirgi ya yi saurin sauka. Tun a ƙasa ma hannunsa na hagu ya kasance kan rawayan maɓallin sakin igiya, da zarar fiffike ya nufi ciyawa ya saki.

Abin da ya fi damun malaman shi ne sakacin malami. Yana zaune a kujerar baya yana jiran ɗalibi ya gyara kuskurensa da kansa, alhali kusa da ƙasa babu wannan sarari, musamman a juyin ƙarshe kafin sauka. Sun ce ya ajiye hannu dab da sandar tuƙi, ya karɓe ta da wuri, ya faɗa da ƙarfi cewa jirgi ya dawo hannunsa.