Musayar Baiti a Kan Albarasin, Jan Gari a Bisa Dutse

Matafiyi:
Salamu alaikum. Na dawo daga Albarasin da ke lardin Teruwel a Sifaniya, har yau garin bai fita daga raina ba. Amsa-amonmu "wa" ne, mai baiti ya ɗora.

Na je gari can a bisa dutse,
Kogi ya yi masa zobe na tsarewa.
Bangonsa ja kamar an ƙunsa lalle,
Lungunsa jaki biyu ba sa gittawa.
Mutanensa dubu ne da 'yar ɗoriya,
Ganuwarsa ko tudu take ta hawa.

Tsohon Malami:
Ɗana, ka ga bango, ka ji sunan?
Banu Razin ne ake ta kirawa.
Barbar ne, tsatson Hawwara,
Da daular Ƙurɗuba ta zo rushewa
Huzailu, ɗan gidansu, ya ware da tasa sarauta,
A kan tsaunin nan ya yi kafuwa.
A 1104 sai ga Murabiɗai,
'Yan Sahara, sun zo karɓewa.
Kogin ma Wadil Abyad ne,
Gwadalabiyar a bakin Sifaniyawa.

Inna Mai Humra:
Malam, kai sarakai ka lissafa,
Ni 'yar kwalbar turare nake tunawa.
Ta azurfa ce, ta shige tafin hannu,
Sarki Abdulmalik ya sa ƙerawa,
Ya ba matarsa Zahar kyauta,
Da sunanta a jiki, ana karantawa.
Tana gidan tarihi na Teruwel,
Ƙamshin ya tafi, rubutun bai gogewa.

Tsohon Malami:
Hajiya, kin taɓo mini inda ke ciwo.
Gidan Azagara, Kirista, sun yi riƙewa,
Ba sarkin Kastila, ba na Aragon a kansu,
Sai 1284 Fedro na Uku, sarkin Aragon, ya yi kewayewa.
A 1610 aka kori jikokin Musulmi
Daga Aragon, ba ranar komawa.

Matafiyi:
Baba, hawaye ya zo, amma ka bar ni
In yabi masu gyara da sharewa.
Tun 1961 ƙasa ta sa garin a kundin gado,
Magina da jan farar ƙasa suke yaɓewa.
Hasumiyar Andador ta ƙarni na 10
Na hau gindinta ina haki da tsayawa.
Gidan Huliyaneta ya karkace kan lungu,
Na bi ta ƙasansa, kai a sunkuye, ina waigawa.